Wa Ya Tambayi Kaka?

Makon jiya a ɗakinmu na jami'a nan Damagaram aka yi ta yi wa Turawa dariya, wai suna kwashe tsofaffinsu su zube a wuri guda kamar kayan da aka gama aiki da su. Wani ya ce, "Mu dai alhamdulillahi, tsohonmu a gida yake mutuwa." Na yi shiru, amma abin ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na ɗauki biro.

A Amurka akwai wani gari, Sun City, kusa da Phoenix a jihar Arizona, wanda kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairu 1960. Sai gidan da ke da mai shekara 55 ko fiye ake bari ya zauna, yara kuwa ziyara kawai. Mutum ya yi ritaya, ƴaƴa sun watse, sai ya sayar da babban gidansa ya sayi ƙarami a can, kusa da wurin wanka da filin wasa. Ni garin da babu kukan jariri bai burge ni ba. Kuma na san abin kunyar da ya fito a Faransa a 2022, lokacin da ɗan jarida Victor Castanet ya tona yadda ake tauye wa tsofaffi abinci da kulawa a gidajen kamfanin Orpea. Ba Turawa nake karewa ba. Amma tsohon Sun City shi ya ɗaga ƙafa da kansa, shi ya sa hannu a takarda.

To Kaka fa? A Gamu, can cikin yankin Gure, tana da gida mai ɗaki huɗu, rumbu biyu, awaki, da bishiyar kurna da ta girmi babana. Matan unguwa ba sa yanke ranar suna sai sun leƙo ta. Shekara biyu da suka wuce ƙafa ta fara damunta, sai kawunaina suka zauna su kaɗai suka gama magana. Aka sayar da awakin, aka rufe gidan da kwaɗo, aka kawo ta Damagaram. Yanzu tana wani ɗaki a bayan gida, gefen wurin ajiye mota. Akwai fanka, akwai siminti, akwai tuwo sau biyu. Babu mai sallama da sunanta. Yaran gidan suna lakwal, in sun dawo sai talabijin. Ran nan na tarar tana ƙirga ƙwaryarta uku da aka bar mata, ta ce mini, "Ɗan nan, ko gero ya yi kai a gida?"

Na san amsar Kawu, don na ji ta. Asibiti na kusa, hanyar Gamu rairayi ce, in ciwo ya tashi da dare wa zai kai ta Gure? Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kuɗin da ya gina ɗakin nan zai gyara mata rufi, ya saya mata waya, ya ɗauki nauyin jika guda da za ta kwana da ita. Ko da ma hakan ba zai yiwu ba, haba, a tambaye ta mana! Matar da ta aurar da mutum bakwai ba ta kai a ji ta bakinta kan inda za ta kwana ba? Sai muka kira wannan biyayya ga iyaye, alhali rabinsa gudun surutu ne, kada a ce Alhaji yana birni ya bar uwarsa a ƙauye.

Wallahi ku da kuka yi dariyar nan, kowa ya tuna ɗakin bayan gidansu da wanda ke ciki. Ni hutun damina zan roƙi Kawu mabuɗin kwaɗon, in kai ta ta ga gonarta ko na wata guda ne. Na faɗa masa a waya, ya ce in bari ya yi shawara da ƴan'uwa.