Tsoron da ake saye da kuɗi

 Wannan mako zan bar maganar farashin hatsi da ta albashi su huta, in ba ku labarin ranar da na biya kuɗi da hannuna domin a tsorata ni, aka kuwa tsorata ni har na kusa manta sunan unguwarmu.

Aiki ne ya kai ni Faransa, wani ɗan horo na makonni uku da ake yi ma ƴan jarida. Na sauka gidan yayata da ke aure a bayan birnin Pari. Ranar asabar ta ƙarshe, ɗiyarta mai shekara 11 ta kafe sai an kai baƙo Parc Astérix, wani filin wasanni da aka buɗe a shekarar 1989 a Plailly, arewa da Pari. Kuɗin shigar mutum guda, da na juya shi zuwa sefa, ya haura jika 30. Na haɗiye miyau na yi shiru, tunda baƙo ba ya ƙorafi.

Abin da yarinyar ke ɗokin in gani shi ne wanda Faransawa ke kira montagnes russes, wato duwatsun Rasha. Ni dai jirgin lilo zan kira shi. Ku ɗauka layin dogo ne aka murɗe kamar igiyar guga, aka ɗaga shi sama bisa ginshiƙan ƙarfe, aka ɗora masa ƴan taragai marasa rufi. Wanda ta zaɓa mana sunansa Goudurix. Tudunsa ya wuce mita 30, kuma kafin ya dawo inda ya taso sai ya kifa mutum, kai ƙasa ƙafa sama, har sau 7.

Mun daɗe a layi muna jin kururuwar waɗanda suka riga mu. Da ta ga na yi tsit sai ta ce: "Kawu, in kana jin tsoro ka zauna can wajen Mama, ka riƙe mana jaka." Na ce mata ni da na bi hanyar Agadas a bayan kamyo bisa buhuna, wane ƙarfen Nasara ne zai girgiza ni? Baki shi ke yanka wuya.

Aka zaunar da mu, aka sauko da wani ƙarfe mai laushin fata bisa kafaɗunmu, ya kulle. Wani saurayi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga makullin. Daga nan jirgi ya kama hawa, sannu a hankali, yana ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. In za ku tambaye ni, wannan hawa shi ne mafi muni a cikin tafiyar duka, don a nan ne mutum ke da lokacin tunani. Na ga kan itatuwa ya koma ƙarƙashina. Na tuna bashin da ake bi na, na tuna ban bar wasiyya ba. Can ƙoli ƙarar ta ɗauke, duniya ta yi shiru na ɗan ƙiftawar ido, sai dogon ya ɓace daga gabanmu.

Abin da ya biyo baya, alƙalami ba zai cika shi ba. Hanjina ya taso ya tsaya a maƙogwaro. Na buɗe baki zan yi kalmar shahada, iska ta mayar mani da ita ciki. Da muka kai gindin gangare sai na ji kamar an aza mani buhun gero uku a ka, ko hannu ban iya ɗagawa. Ban gama da wannan ba sama ta koma ƙarƙashin takalmina. Na ce zan ƙirga juyin, na tsaya a na biyu. Kusa da ni kuwa yarinya ta saki hannu tana ƙyalƙyala dariya. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Ga inda abin ya ɗaure mani kai: da birki ya kama, na fito gwiwoyina na rawa, sai na tarar ni ma dariya nake, irin wadda mutum ba ya iya tsayarwa. Likitoci sun ce in jiki ya hangi halaka yana sakin wani sinadari, adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, domin gudu ko faɗa. To ga shi an tara maka duk wannan ƙarfi, halakar kuwa ba ta zo ba. Ragowar ita ce ke fita a dariya. Ashe abin da ake sayarwa ke nan: daɗin kuɓuta, ba tare da an shiga haɗarin gaske ba.

Daga baya na koma na karanta yadda abin yake, na kuma tuna malaminmu na kimiyya a lise, wanda muka riƙa barci a darasinsa. Irin wannan jirgi ba shi da inji ko kaɗan. Sarƙa ce ke jan shi zuwa tudun farko ta sake shi, saura duk aikin nauyinsa ne. Shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsawo: jirgi ba zai iya hawa inda ya fi wurin da aka sake shi ba, kuma gogar ƙafa da iska suna rage masa ƙarfi a hanya. Ƙas-ƙas ɗin da ya tayar mani da hankali, ashe haƙoran ƙarfe ne da ke hana jirgi komawa baya in sarƙa ta tsinke. Ƙafafunsa kuma iri uku ne: na bisa dogo, na gefe, da na ƙarƙashi waɗanda ke riƙe shi kada ya tashi. Wani Ba'amurke, John Miller, ya yi rajistar dabarar na ƙarƙashin a 1919, kuma ita ce ta buɗe ƙofar gangare masu tsanani.

Sunan Rasha ba banza ya zo ba. Tun ƙarni na 17 Rashawa ke gina tudun katako lokacin sanyi, su zuba ruwa ya daskare, su riƙa sulɓewa a kai. Pari ba ta da ƙanƙarar da za ta daɗe, sai aka sa ma abin ƙafafu. A 1817 an riga an buɗe irinsa a birnin. Amurkawa suka karɓa: a 1884 LaMarcus Thompson ya kafa nasa a Coney Island, birnin New York, yana gudun kimanin kilomita 10 cikin awa guda, wanda mai keke zai wuce shi yana gaisuwa. A 2010 aka buɗe Formula Rossa a Abu Dabi mai gudun kilomita 240, har sai an sa ma masu hawa tabarau saboda iska da ƙura. Abin dariya, su Rashawan duwatsun Amurka suke kiran abin. Kowa na tura ma ɗan'uwansa.

Amma da na kwanta da dare, saurayin nan mai jijjiga makulli ne ya riƙa dawo mani. Ban san shi ba, ban san wanda ya ɗaure kusoshin dogon ba, na kuwa miƙa masu raina da na ɗiyar yayata. Duk kasuwar a kan amana take tsaye, kuma in ta karye ba injin ne kaɗai ke da laifi ba. Ranar 2 ga Yuni 2015, a filin Alton Towers na Ingila, wani tarago da babu kowa ciki ya maƙale bisa dogon jirgin da ake kira Smiler. Na'ura ta gane, ta tsayar da jirgin da ke biye. Ma'aikata suka zaci na'urar ce ta rikice, suka sake shi da hannu. Ya je ya daki wancan, mutum 16 suka ji rauni, ƴan mata biyu kowace ta rasa ƙafa guda. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A Faransa ma sai da wani lilo ya kashe uba da ɗansa a bikin Fête des Loges a watan Agusta 2007 kafin a yi dokar 13 ga Fabrairu 2008, wadda ta tilasta binciken waɗannan injuna lokaci zuwa lokaci.

Shi ya sa nake roƙon alhazanmu: in wata rana wani ya ga tsohon lilo da araha a Turai ya yi niyyar kawo ma yaran Maradi ko Damagaram don bikin Salla, ya fara tambayar takardun binciken ƙarfen da makanikin da zai duba shi kowace safiya, kafin ya tambayi ribar. Mu da muka saba ɗaure birkin mota da waya mu ce Allah ya kiyaye, wannan ba wurin gwada halinmu ba ne. Ma'aikatan da za su sa hannu a ba da izini su ma maganar ta shafe su.

Ban ƙare maku labarin ba. A bakin ƙofar fita akwai wata rumfa da ake nuna hotunan da na'ura ta ɗauka ana cikin gudu. Ga ni nan, ido rufe, baki buɗe har ana ganin dasashi, na ƙanƙame ƙarfe kamar mai riƙe akuyar da za ta tsere. Na ce mu wuce, yamma ta yi. Yarinya ta ce: "Kawu, ai na kamyon Agadas ne, dole a gan shi a gida." Uwarta ta zaro kuɗi ta biya. Kafin jirgina ya sauka Yamai, hoton ya riga ni isa Maradi.