Wasiƙa a Buɗe ga Magina da Masu Zanen Bango na Hawata

Zuwa ga gwanayen gini da yaransu a Hawata da ƙauyukan bakin kogin Rahad.

Zanen bango a ginin Hausa iri uku ne. Akwai zanen tudu, wanda ake fitarwa da hannu a kan ɗanyen yaɓe. Akwai zanen da ake karcewa da tsinin wuƙa ko ƙusa a jikin shafen siminti kafin ya kama. Akwai kuma na fenti, wanda ake yi a bangon da aka shafe da farar ƙasa. Dukkansu ukun ƙarkonsu yana ga bangon da ke ɗauke da su, kuma wannan ne babban abin lura ga mai aiki a jihar Gadarif ta Sudan, inda Hawata take.

Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da damina takan kumbura, da rani ta dare. A Kano da Zariya ana buga tubali da jar ƙasa mai tsakuwa da ake kira birji, wadda ba ta motsi haka. Saboda haka maginin Hawata sai ya zurfafa harsashi, ya cakuɗa lakar da yashi da ciyawa, ya bar kwaɓin ya kwana biyu yana ruɓa kafin a ɗora. Bangon da aka gina da rani, gara a bar shi ya sha damina guda kafin a kashe kuɗi a kan adonsa.

Daga nan sai yaɓe. Magina na da sun dogara da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara. Inda babu waɗannan, zibala ta mutanen Sudan, wato laka da kashin dabbobi da ciyawa, tana biyan buƙata muddin ana sabunta ta kafin ruwa ya sauka. Abin gudu shi ne shafa siminti kai tsaye a kan laka: ba sa riƙe juna, ruwa yana shiga tsakaninsu, wata rana shafen ya zubo da zanen gaba ɗaya.

Zanen tudu ana yin sa ne tun yaɓe da laima. Gwani yakan fara daga sama, ya shata layi da ɗan yatsa, sannan ya murza laka kamar igiya ya bi layin da ita, yana jiƙa hannu yana goge gefenta har ta zauna. Yakan ɗauki iyakar faɗin da zai gama kafin rana ta busar masa da wurin. Wajen launi, jar ƙasa da farar ƙasa da shuni da gawayi sun fi dacewa da bangon laka, domin suna barin laima ta fita. Ɗan ƙaro da aka narkar a ruwa, wanda ba ya wuya a Gadarif, yana hana farar ƙasa bin tufafi. Fentin mai kuwa na siminti ne da ƙarfe.

Ado yana da mazauninsa. Fuskar zaure da kewayen ƙofa su ake ƙawatawa, zankwaye su tsaya a kusurwoyin soro, indararo kuma ya miƙe sosai don kada ruwa ya bi ta kan zane. Dagi, takobi da sandar sarki tsofaffin siffofi ne. Daga baya masu zanen Zariya suka shigo da keke da mota da jirgin sama. A masallaci ana tsayawa ga zanen layuka da kusurwoyi, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, inda adon ya bi ginshiƙai da bakan gizo.

Saura batun gado. Hausawa sun daɗe suna zama a Sudan a kan hanyar Makka, yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma sana'o'insu sun zo tare da su. Sana'a kuwa tana iya ɓacewa. Da aka tashi Nubawan Wadi Halfa a 1964 zuwa Sabuwar Halfa saboda dam ɗin Aswan, gidajensu masu zane suka nutse, aka zaunar da su a gidajen gwamnati iri ɗaya. Don haka ya dace kowane gwani ya ɗauki hoton aikinsa, ya rubuta awon kwaɓinsa da sunan kowace siffa, ya kuma sa yaronsa ya yi zane a bangon baya kafin ya ba shi fuskar zaure.

Allah ya yi wa sana'a albarka.