"Na bar wa Allah" ba zama ba ne



Yau ba sanarwar taro na kawo muku ba. Magana ce a kan wata kalma da ba ta rabuwa da bakinmu mu mata: "na bar wa Allah." Kalma ce mai daraja. Amma wallahi sau da yawa in kika ɗaga mayafinta, ba tawakkali za ki tarar ba, tsoro ne ya lulluɓe.

Mace za ta shafa mamanta ta ji ƙullutu. Wata uku, wata shida, shekara, ba ta leƙa asibiti ba. Wata kam rashin kuɗi ne, wannan ba a musu. Amma wata ko kin biya mata ba za ta je ba, tana fargabar abin da zai fito daga bakin likita. Alhali yawancin ƙullutun nan ba sankara ba ne. In kuwa ita ce, sankarar mama ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya, kuma wadda aka gano da wuri ta fi jin magani. Kin ga zaman bai tsare ta daga komai ba.

Ku tuna darasinmu na Islamiyya. Annabi Ibrahim (AS) ya ajiye Nana Hajara da jaririnta Isma'ila a kwarin Makka, ba gida, ba shuka, ba rijiya, sai ɗan dabino da salkar ruwa. Da ta ji cewa umarnin Allah ne, ta yarda Ubangijinta ba zai wofintar da su ba. To ruwa ya ƙare, yaro na kuka. Me ta yi? Ba ta shimfiɗa zane ta ce ta bar wa Allah ba. Ta hau Safa ta duba, ta gangaro ta nufi Marwa, har sau 7. Tsakanin duwatsun nan kusan mita 450 ne, jimilla sama da kilomita 3 ke nan. Hajiyoyinmu da suka yi sa'ayi a kan tayil da sanyin na'ura sun san yadda ƙafa ke yi, balle mai shayarwa a cikin rana da ƙishirwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ruwan bai ɓulɓulo a Safa ba, bai ɓulɓulo a Marwa ba. Can wajen jaririn Zamzam ya fito, inda ta baro. Ba ta san ta ina mafita za ta zo ba, duk da haka ba ta daina tafiya ba. Yau sarki da gwamna da malami, duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara sai ya bi sawun wannan baiwar Allah.

Kada wata ta ɗauka jin tsoro raunin imani ne. Mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta sa ɗanta a akwati ta saki a kogi zuciyarta kamar ta fashe, kuma sai da ta tura yayarsa ta bi shi daga nesa.

Don haka ke da kika ɗauki kuɗin adashi kina jujjuya su kina tsoron fara sana'a, da ke da matan unguwa ke roƙon ki tsaya musu kina gudun bakin mutane, ki yi istihara, ki nemi shawarar wanda ya san abin, ki yi magana da maigida, sannan ki ɗaga ƙafa. Ba wanda zai rubuta miki takardar cewa ba za ki faɗi ba. Ko Nana Hajara ba a ba ta ba.

Ke kuma mai ƙullutu, don Allah kada makon nan ya wuce. In kunya ko fargaba ce ta riƙe ki, ki sanar da shugabar matan mazaɓarki a asirce, a samo wadda za ta raka ki asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye mana abin da ke damunmu. A tura wa 'yan'uwa.

Taku,
Shugabar Mata