RA'AYI: Kura da shan bugu: Haƙƙin makaɗan bayan fage

Duk waƙar da ta yi tashe a ƙasar nan, da sunan mutum ɗaya ake sanin ta, wato mai rera ta. Shi ake ambata a rediyo, hotonsa ne a allon talla, shi ake gayyata wajen biki da taron siyasa. Amma kafin muryarsa ta hau faifai akwai wanda ya tsara kiɗan, akwai wanda ya kaɗa jita ko ya danna fiyano, akwai kuma wanda ya kwana a situdiyo yana daidaita sauti. Waɗannan akan sallame su da ladan yini guda a rufe babinsu, ko da waƙar za ta shekara 20 tana kawo kuɗi. Wannan rashin adalci ne da doka ta riga ta tanadar wa magani, saura aiki da ita.

Tarihin Jake Sollo ya isa misali. Sunansa na yanka Nkem Okonkwo, kuma yana cikin gwanayen jita da Nijeriya ta yi alfahari da su. Ya yi kiɗa da ƙungiyar Hykkers, ya koma Funkees, ya tafi Landan inda ya ɗan zauna da Osibisa, ƙungiyar da ta kai kiɗan Afirka ta Yamma manyan dandalin Turai. Da ya dawo gida sai ya koma bayan fage, ya zama furodusan da mawaƙa ke layi a ƙofarsa a farkon shekarun 1980, musamman masu aiki da kamfanin faifai na Tabansi. Felix Lebarty na cikin waɗanda suka yi suna ta hannunsa. Ya rasu a haɗarin mota a 1985 yana tsakiyar ƙarfinsa. Har yau ana sa waƙoƙin wancan zamani a gidajen rediyo, ana kiran sunayen mawaƙan, amma sai masu bin diddigi ne suka san yatsun da suka ja igiyar.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A birnin Detroit na Amurka, makaɗan da suka yi wa kamfanin Motown kiɗan fitattun waƙoƙinsa sun shafe fiye da shekara 10 ba a buga sunayensu a bangon faifai, sai a 1971 da Marvin Gaye ya sa aka rubuta su a nasa. Wanda ya kuɓuce wa wannan tarko shi ne irin Nile Rodgers, mai jitar da ya shirya wa David Bowie faifai a 1983, ya shirya wa Madonna a 1984. Gwanintarsa ba a magana, amma abin da ya raba shi da dubban gwanaye shi ne sunansa yana kan takarda, a matsayin furodusa ko wanda aka tsara waƙa da shi, don haka duk inda aka sa ta rabonsa na biye da shi.

A ƙasar Hausa lamarin ya fi tsufa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai taɓa yin waƙa shi kaɗai ba. Akwai masu kalangu, akwai 'yan amshi, kuma duk wanda ya san waƙarsa ya san kiɗan ne ke ɗauke da ita. To amma tsarin da ya riƙe su na gida ne: makaɗi yaron ubangidansa ne, abin da aka samu a fage ana rabawa, ana yi masa aure, ana yi masa suna. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, fiyano ta maye gurbin kalangu da kukuma a yawancin waƙoƙin fim, sai wancan tsari ya rushe. Yanzu mutum ɗaya a situdiyo shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai haɗa sauti, ga shi ba shi da ubangida kuma ba shi da yarjejeniya. Abin da ya rage masa shi ne mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin baiti. Ambato karramawa ce, amma ba ya biyan kuɗin haya.

A maƙwabta kuwa, Bombino na Agadez ya nuna abin da jita ke iya yi idan mai ita ya tsaya a gaba. Faifansa na 2013 a Nashville aka ɗauke shi, kuma sunan furodusansa, Dan Auerbach, na rubuce ɓaro-ɓaro, kowa da matsayinsa.

Wanda yake son ganin yadda abin yake a yau ba sai ya bar Abuja ba. Durumi, da ke bayan Area 1, tafiyar 'yan mintuna ce daga Sakatariyar Tarayya. A unguwanni irinta ne masu hidimar birnin ke samun ɗakin da za su iya biya, har da makaɗan da ke raya bukukuwan Maitama da Asokoro. Mai jita a nan, Juma'a da Asabar yana wajen liyafar aure, Lahadi yana coci idan Kirista ne, sauran ranaku yana ɗan ƙaramin situdiyo yana sa hannu a waƙar wani ko tallar wata hukuma. Ciniki da baki ake yi, a tura masa kuɗi ta waya, shi ke nan. Ranar da waƙar ta hau YouTube ko Audiomack ta tara masu sauraro, ba shi da abin da zai nuna cewa da shi aka yi. Ranar da ciwo ya kama yatsun, ba fansho, ba inshora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaicin shi ne dokar tana nan. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Dokar ta amince cewa mai kiɗa yana da haƙƙi a kan abin da ya kaɗa, ta kuma ce idan gidan rediyo ko talabijin ya sa faifan da aka fitar don kasuwa, mai faifan da waɗanda suka yi kiɗa da waƙar duk suna da rabo. Haka nan sallama haƙƙin mallaka ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Hukumar NCC da aka ɗora wa kula da dokar a Abuja hedikwatarta take. Tun 2023 kuma akwai ma'aikata sukutum ta al'adu da tattalin arzikin masu fasaha. Amma tazarar da ke tsakanin waɗannan ofisoshi da mai jitar Durumi ta fi ta kan hanya nisa.

Akwai masu cewa an biya shi ladansa, ya karɓa da yardarsa, me kuma yake nema? Suna ƙarawa da cewa mawaƙi ne ya zuba jari, idan waƙa ta faɗi shi ke asara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda ya ce a yi raba-daidai. Makaɗi na iya zaɓar kuɗi hannu ya yafe abin da zai biyo baya. Amma zaɓi sai da sani. Wanda bai san yana da haƙƙi ba, bai sayar da shi ba, an dai ɗauka ne bai ankara ba.

Gyaran bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba, domin gwamnati da 'yan siyasa na cikin manyan masu sayen kiɗa a Abuja. Kowace ma'aikata na sa a yi mata waƙar wayar da kai, kowane ɗan takara na da tasa, kuma sau da yawa hadimi ko jami'in hulɗa da jama'a ne ke ƙulla cinikin. Ya kamata duk hukumar da za ta biya kuɗin waƙa ta sharɗanta a kawo mata takarda mai ɗauke da sunan mai rerawa, mai tsara kiɗa, masu kayan kiɗa da mai haɗa sauti, da abin da aka yi alkawarin ba kowa. Ita kuma NCC ta fitar da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya cikin Hausa da sauran harsuna, ta kai shi situdiyo-situdiyo daga Abuja har Kano da Kaduna. Ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi irin su MCSN su buɗe ƙofa ga masu kayan kiɗa, gidajen rediyon gwamnati kuma su zama na farko wajen biyan abin da doka ta ce.

Su ma makaɗan da nasu aikin. Kunyar neman takarda a wajen aboki ta jawo wa da yawa tsufa cikin talauci. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne, kuma magada ma za su amfana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, waƙa ma haka take. Ƙasar da ke son fasaha ta zama hanyar arziki, dole ta fara da sanin sunayen waɗanda suke yin ta, ta kuma tabbatar ladansu ya kai gare su.