Tauraro Yana Sama, Amma Aikin a Ƙasa Yake

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, sau nawa muka ji an yi tsayayya a kan iyakar gona a ƙasar Dabai da sauran gundumomin Zuru? Dattijo ya ce iyaka ita ce gindin ɗorawa, alhali kuwa an sare ɗorawar tuni. Wani ya ce dutse ne, amma ruwan damina ya mirgine shi. Haka burtali yake ƙanƙancewa kowace shekara, har a wayi gari manomi da makiyayi suna kallon juna da jan ido. Mu a ganinmu, wani sashe na maganin wannan cuta yana bisa kawunanmu, mu ne ba mu ɗaga kai ba.

Wayar da ke aljihunmu tana gane inda muke ne ta hanyar taurarin GPS na Amurka da takwarorinsu, waɗanda suke kewaya duniya daga nisan wajen kilomita 20,000. Amma kafin saƙonsu ya iso, sai ya ratsa wani sashe na sararin sama mai cike da lantarki, wanda yake jinkirta shi. Shi ya sa waya takan yi kuskuren mita da dama. Ga mai neman hanyar kasuwa wannan ba kome ba ne. Ga mai awon fili kuwa, ko matuƙin jirgin da ke neman sauka Birnin Kebbi cikin hazon hunturu, al'amarin ya wuce wasa.

Dabarar gyaran ba ta da wuyar fahimta. Akan kafa tashoshi a ƙasa, a wuraren da aka san matsayinsu daidai. Su ne suke auna kuskuren, a aika da gyaran zuwa wani tauraro mai nisan kilomita 36,000, shi kuma ya watso wa kowa. Da haka kuskure yakan ragu zuwa mita ɗaya ko biyu, kuma in wani tauraro ya soma ba da labarin ƙarya, za a gargaɗi matuƙi cikin daƙiƙa 6. Amurka ta soma aiki da nata tsarin a 2003, Turai da Japan da Indiya ma kowacce ta kafa nata.

To, mu fa? Tauraronmu NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, an haɗa shi da na'urar yin wannan aiki. Ta kansa ne hukumar ASECNA, mai kula da sararin saman Nijar da wasu ƙasashen Afirka, ta fara watsa saƙon gwaji a 2020. An gwada saukar jirgi da shi a Lome a 2021, aka kuma yi a Abuja a 2023. Lalle wannan abin alfahari ne, sai dai gwaji dabam, amfanin yau da kullum dabam.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba mu faɗa. Na farko, sararin samanmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, ya fi na Turai rikici, musamman bayan faɗuwar rana. Lissafin da aka yi domin Faransa ba zai zauna mana daidai ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Dole a sami 'ya'yan ƙasa masu auna namu sararin da kansu. Na biyu, shekara 15 aka ƙiyasta wa tauraron, wato zuwa ƙarshen 2026, kuma ba mu manta ba wanda ya gabace shi ya lalace a 2008, bai cika shekara biyu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta ba wannan fanni muhimmanci wajen koyarwa. Muna kira ga 'yan'uwanmu na ofisoshin safiyo da na gona su koyi awo da waɗannan na'urori, su zagaya gonaki da burtalai tare da dattawan gari, a rubuta iyakoki tun masu shaidarsu suna raye. Na'ura ba ta yanke hukunci, amma ba ta mantuwa, ba ta kuma karɓar toshiyar baki.

Da dukiyar talakawa aka sayi tauraron nan. Haƙƙinmu ne mu da aka ilmantar mu sauko musu da amfaninsa har bakin gona. Allah Ya sa mu dace, amin.