Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida tsakanin samarin Tudun Wada ta Nasarawa a Kano, har da maƙwabtansu na Birged da Gwagwarwa, wadda ta kamata a tone ta a shanya a rana. Watau da zarar an aiko wa yaro takarda ya zo ganawar ɗaukar aiki, wadda 'yan boko ke kira intabiyu, sai ya ajiye littafi ya shiga bin gidaje neman aron tufafi. Wannan ya ba shi kwat, wancan ya ba shi takalmi sau ciki, wani kuma agogon da ya daɗe da tsayawa. Wanda bai sami aro ba sai ya ci bashi ya yanko shadda mai tsada a Kantin Kwari, ya bar tsohuwarsa da biya. Wannan fa wauta ce, kuma ta sha jawo wa masu ilmi asarar aikin da ya kamace su.

Kada a ɗauka ana rena ado ne. Ko kusa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ido shi ke fara yanke hukunci kafin kunne ya ji magana. Masu cewa wai tufafi ba kome ba ne, in dai mutum yana da uwa a gindin murhu ko da tsumma ya je za a ɗauke shi, su ma a ɓace suke. Gaskiya ne son kai ya ɓata ɗaukar aiki a wurare da dama, amma wanda ba shi da kowa ai shi ya fi bukatar kada ya ba da ƙofar da za a kore shi. Abin da ake ja a kansa shi ne, mene ne kyakkyawar shiga?

Kyakkyawar shiga ita ce tufar da ta ke ta mutum ce, mai tsabta, wadda aka ɗinka daidai jikinsa, ta kuma dace da aikin da ya zo nema. Kayan aro kuwa ya kan rasa na fari da na uku gaba ɗaya. A dubi yaro cikin kwat ɗin wansa a tsakiyar bazara, hannun riga ya haɗiye masa yatsu, laktaye ya shaƙe masa wuya, takalmi na gatsa masa diddige tun daga bakin titi. Kafin ya kai Sakatariyar Audu Bako gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ana tambayarsa lissafi, hankalinsa na kan kada ya ɓata kayan mutane. Manyan da ke zaune bayan tebur ba yara ba ne, sun ga dubu irinsa, kallo ɗaya su kan gane. Daga nan sai zargi ya shiga: wanda ya zo da suffar da ba tasa ba, ko takardun da ya miƙo nasa ne?

Tushen cutar shi ne zaton wai ilmin zamani ba ya zama sai cikin tufar Turawa. Tarihin ƙasar nan ya ƙaryata haka. Ran 7 ga Oktoba, 1960, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York da babbar riga da hula, ya yi jawabi da Turancin da ya ƙayatar da masu harshen. A 1961 kuma ya yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi da shigar gida. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya tsaya kai da fata tun daga 1954 sai an cika ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa da 'ya'yanta, da riga da rawani aka san shi. A nan Kano kuwa, Malam Aminu Kano har ya rasu a 1983 ba a san shi da tufafi masu tsada ba, sai farar riga marar ado da jar hula, amma in ya buɗe baki sai wuri ya yi tsit. In waɗannan ba su ji kunyar kayan gida gaban sarakunan duniya ba, don me ɗan Tudun Wada zai ji kunyar kaftaninsa gaban akawu uku?

Lalle akwai ayyukan da su ke da tufarsu. Lauya ba ya shiga babbar kotu sai da baƙar riga da farin gashin nan, bankuna da yawa kuma sun fi son kwat. Wanda ya nufi irin waɗannan, to, ya nemi nasa ko da na gwanjo ne a Ƙofar Wambai, ya kai wa tela ya rage masa daidai jiki, ya sa shi kwana biyu ya saba. Haka kuma mai neman aikin inji a masaƙu da masana'antun da suka rage a Bompai ko Sharaɗa, hauka ne ya tafi da malum-malum. Wane shugaban ma'aikata ne zai sa mai jan hannun riga kusa da bel? Mace ma haka, atamfa wankakkiya da mayafi mai kauri sun fi leshin biki da sarƙar maƙwabciya.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi: sabulu, dutsen guga, aski, yankan farce, asuwaki, hula wankakkiya, takalmi gogagge, da takardu a jere cikin fayil. Sa'an nan a yi sammako, gama wanda ya makara ya riga ya amsa tambayar farko, ya kuwa faɗi. A yi sallama, kada a zauna sai an ce a zauna, a kashe waya, a saki fuska, don shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Daren da ake ɓatawa wajen yawon aro, da an yi shi wajen binciken aikin ma'aikatar da bitar abin da aka koya, da ya fi riba.

Masu ɗaukar aiki su ma da nasu laifin. Duk shugaban da ya ke auna mutum da tsadar shaddarsa, shi ke koya wa yara ƙarya, kuma shi zai girbe ta, gama wanda ya shigo da bashin riga, idonsa na kan aljihun jama'a tun kafin albashin fari. Iyaye kuma su daina cewa, "Je ka wurin kawunka ya ara maka." Su ce, "Ɗana, wanke taka." Talauci ba abin kunya ba ne, ƙazanta da ƙarya su ne abin kunya. Allah ya ba kowane mai nema halalinsa, amin.