Laifi Ne Mutum Ya Tafi Shan Iska Shi Kaɗai?

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa in kare kaina, gama tun da aka dawo hutu ban huta da ba'a ba. A ɗakin kwana, a ɗakin cin abinci, har a bakin famfo, da an hango ni sai ka ji an ce, "Ga mai yawo shi kaɗai nan." Wani ya ce iska ce ta taɓa ni, wani ya ce budurwa ce ta ƙi ni, wani kuma ya ce rowa ce, ba na so in biya wa kowa kuɗin mota. Na ƙarshen nan ya ɗan kusanci gaskiya, amma ba duka ba. Laifina dai shi ne cikin hutun bazara na fita shan iska sau biyu ban gayyaci kowa ba, rana ɗaya a Abuja, rana ɗaya a Matsirga. Ni kuwa na ce ba laifi ba ne, har ma ina ganin ya kamaci duk wanda ya ke shirin riƙe alli.

Ga abin da ya tashe ni. Lokacin koyarwar gwaji aka ba ni aji shida a wata makarantar firamare ta wajen Kafanchan. Ran nan ina koyar da labarin ƙasa, na shirya darasina tsaf a kan mafaɗar ruwa ta Biktoriya. Na gaya wa yara tana kan kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, zurfinta ya fi mita 100, Livingstone ya gan ta a 1855. Na zana ta a allo, har ina jin daɗin kaina. Sai wata yarinya daga benci na baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta fi ta Matsirga?" Na ce, "Ta fi ta mana, nesa ba kusa ba." Ta ce, "To, Malam, ka taɓa zuwa Matsirga?" Jama'a, ban taɓa zuwa ba. Shekarata uku ina shan ruwan ƙasar nan, kullum safiya ina duban dutsen Kagoro, amma ban taɓa taka wurin ba, ga shi kuwa rabin ajin sun je. Na ce mu ci gaba da darasi. Yaran ba su yi dariya ba, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Da hutu ya zo na bi ta Kwoi da Jere da Bwari na sauka Abuja wurin kawuna. Shi ma'aikaci ne, ba shi da sukunin yawo, saboda haka ran nan da hantsi na kama hanya ni kaɗai zuwa wani lambun wasanni irin mai lilon inji, don in ga abin da yara su ke gani a talabijin su zo su dame mu da tambaya. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Ƙarshen watan Maris ne, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 35 da rana tsaka. Saurayin da ke sayar da tikiti ya leƙa bayana ya ce, "Yallaɓai, ku nawa ne?" Na ce, "Ni kaɗai." Ya sake leƙawa, ko iyalina sun tsaya sayen ruwa ne, sa'an nan ya miƙo mini tikitin kamar mai yi mini jaje.

Wurin ya ƙayatar, ban ƙi ba. Akwai majaujawa mai dawakan roba, akwai ƙananan motoci masu karo da juna, akwai ɗan jirgin ƙasa mai hawa da gangara kamar ya zubar da mutum. Amma kome na ƙarfe ne, ƙarfen kuwa ya sha rana tun safe, in ka dafa shi sai ka janye hannu. Inuwa kaɗan ce, masu iyali sun riga sun shimfiɗa tabarmi a cikinta. Ruwan gora kuma ninki uku na kuɗinsa a waje. Na hau wani babban lilo mai kama da ƙafar keke, da kujeru rataye a jikinsa. Irinsa na fari wani injiniya Ba'amurke mai suna George Ferris ya ƙera don babban baje kolin Shikago a 1893, tsayinsa ƙafa 264, da ɗakuna 36, kowanne na ɗaukar mutum 60. Namu bai kai ko kusa da wannan ba, amma ya isa ya sa cikin mutum ya kaɗa. Muna kaiwa can ƙoli wuta ta ɗauke. Muka tsaya cak a sama, rana na dukanmu, har aka ta da janareto. A kujerar da ke ƙasa da ni miji da mata ne, matar na salati mijin na dariya. Ni kuwa ba wanda zan duba mu yi dariya tare, sai na duba duwatsun Abuja ina lissafin kuɗin da na kashe.

To, a nan zan ba masu yi mini ba'a gaskiyarsu. Irin wannan wuri don taro aka gina shi. Daɗin lilo ihu ne, ihu kuwa ba ya daɗi sai da abokin yi. Tun da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, iyali a ke nufi da irin waɗannan lambuna. A waɗansunsu can Amurka har layi dabam a kan ware wa wanda ya zo shi kaɗai, don a cike gurbin kujerar da ta rage da shi, watau shi ciko ne. Mai zuwa shi kaɗai kuɗinsa ɗaya da na kowa, amma rabin daɗi ya ke samu.

Sai dai akwai abin da na samu wanda masu ihu ba su samu ba. Da na rasa abokin hira, sai na tsaya gindin ɗan jirgin nan wajen rabin sa'a ina kallo. Ashe ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan shi zuwa tudu na fari, wanda ya fi sauran tsayi, daga nan sai a sake shi, nauyinsa ya yi sauran aikin, kowane tudu na gaba kuwa bai kai na farin ba, in ya kai jirgin ba zai iya hawa ba. Mun karanta wannan a littafin kimiyya, na haddace shi na ci jarrabawa, amma ban gane shi ba sai ran nan. Da ina cikin ayari da an ja hannuna an ce mu je mu sha askirim.

Bayan mako guda na dawo gida, na ce yau sai Matsirga. Kafin in fita na gaya wa mai gidan da na sauka inda za ni da lokacin da zan dawo. Na ɗauki gorar ruwa da gyaɗa da malafa, na shiga mota zuwa Kafanchan, na hau acaɓa zuwa Madakiya. A can na tarar da wani dattijo a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni baƙo ne, ina so in ga ruwan nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai kaɗai? To, madalla, amma kada ka shiga ruwa, kada kuma ka taka dutsen da ka ga ya yi kore." Ya kira jikansa ya raka ni har inda a ke jin ƙugin ruwan, yaron ya nuna mini hanyar sauka ya koma.

Ruwan daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro ya ke fitowa, ya zo nan ya faɗo ta kafofi huɗu na dutse, wajen mita 30, zuwa wani gurbi mai zurfi. Da ya ke ƙarshen rani ne ya ragu ƙwarai, an ce da damina ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Duk da haka da na sauka sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar wani gari. A sama gumi har cikin takalmi, a ƙasa kuwa iska mai sanyi da feshi a fuska. Na zauna a inuwar dutse na tambayi kaina dalili. Dalilin randa ne. Yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa ya ke bushewa ya tafi da zafi ya bar na ciki da sanyi, haka feshin nan ya ke yi wa iskar kwarin. Da rana ta ɗan karkata ta bayana sai ga bakan gizo cikin feshin, ina matsawa yana matsawa. Na gwada tsayawa ina fuskantar rana, ya ɓace. Wane littafi ne zai koya wa yaro wannan kamar yadda ƙafafunsa za su koya masa?

Daga nan tunani ya kai ni ga abin da ya sa ƙasarmu ta fi Zariya da Kano ruwan sama. Iskar damina daga kudu maso yamma ta ke tasowa ɗauke da laima, sai ta ci karo da bakin tsaunukan Jos, wanda dutsen Kagoro ya ke cikinsu, fiye da mita 1,200 bisa teku. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da kayanta a kanmu. Cittarmu da doyarmu da ruwan da na ke kallo duk daga nan ne. Sa'a huɗu na yi a wurin, ban kashe ko rabin abin da na kashe a Abuja ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu ba Turawa ba ne da za mu rataya jaka mu shiga daji. Na yarda, amma kallon ruwa ba ɗaukar jinka ba ne. Za a kuma ce kwaleji na shirya yawon buɗe ido, me ya hana in jira? Na taɓa bin irin wannan. Mutum sittin a mota ɗaya, da kiɗa, da gardamar ƙwallo, a isa a makare, kowa ya juya wa abin da aka zo gani baya ya ɗauki hoton fuskarsa, a busa usur a koma. In ka tambayi mutum washegari me ya gani, sai ya miƙo maka waya.

Magana ɗaya ce mai nauyi, ita ce ta tsaro, ba kuwa zan yi wasa da ita ba. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ƙauyukanmu su ka gani a shekarun nan, ya san akwai hanyar da ba a bi, akwai lokacin da ba a fita. Wanda ya ce zai tafi shi kaɗai ba tare da tambaya ba, wawa ne, ba jarumi ba. Da ɗan gari a kan ci gari. Ka tambayi mutanen wurin kafin ka tashi, in sun ce kada ka zo, ka zauna. Ka faɗi inda za ka, ka gai da manya in ka isa, ka dawo da sauran rana. 'Yan'uwanmu mata kuma, ban ce lalle ku tafi ku kaɗai ba, mutum biyu masu iya yin shiru daidai su ke da mutum ɗaya. Abin da na ke nufi da kaɗaici shi ne mutum ya rabu da surutu, ya bar idonsa ya yi aiki.

Muna da halin raina abin da ke ƙofar gidanmu. Ku tuna kan mutum-mutumin yumɓu da aka tono a haƙar kuza wajen Jama'a. Wanda ya same shi kafa shi ya yi a gonar doya don korar ɓarna, sai a 1943 aka kai shi Jos, Bernard Fagg ya gane ɗan'uwan waɗanda aka samu a Nok ne. Yau duniya duka ta san sunan Nok, mu kuwa da mu ke bi ta Kwoi kullum, mu nawa ne mu ka taɓa ratsewa mu ga garin?

Na ji waɗansu na cewa da za a kawo lilon inji da lasifika a kafa a Matsirga da wurin ya ci gaba. Ni ban goyi bayan wannan ba. Na ga lilon inji, na ga abin da ya ke zama in wuta ta ɗauke. Abin da wurin ke bukata shi ne hanya mai kyau, da matakala mai madafa, da makewayi, da kwandon shara, gama na tsinci ledoji da gorunan roba cike da malafata kafin in hau. In an yi waɗannan, malami zai iya kai ajinsa hankali kwance, in dai shi ya riga ya je ya san dutsen da ke da santsi.

Na rubuta wa hedimastan makarantar can takarda ina roƙo ya bar ni in koma ran wata Juma'a in ba yarinyar nan amsarta, har yanzu ina jiran jawabi. Kafin nan, ran Asabar ta biyu ga wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan hau dutsen Kagoro, na riga na yi magana da wanda zai nuna mini hanya. Zan tashi ƙarfe shida na safe. Masu yi mini ba'a a bakin famfo, duk mai so ya zo, amma ya biya kuɗin motarsa, ya bar rediyonsa a ɗaki, ya kuma bi bayana da tazarar taki hamsin.